Hasken da Na Saya wa Ɗakin Inna

Ƙanena, autanmu, ya shekara goma sha ɗaya yana zaune a Libreville ta ƙasar Gabon a lokacin. Ba da takarda ya shiga ƙasar ba, saboda haka in ya fito ba zai iya komawa ba, ga shi da mata da 'ya'ya uku a can. Duk Juma'a yakan kira wayar yayarmu a Djougou, ita kuma ta kara wa Inna a kunne. Wata Juma'a da ya gama da su sai ya kira ni a Parakou. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya kawo abin da ya sa ya kira.

"Yaya, fuskar Inna ta fara ɓace mini," in ji shi. "In na rufe ido ina ganin kallabinta, ina ganin hannunta a kan tasbaha, amma fuskar ta ƙi zuwa. Yarana suna tambayata kamannin kakarsu, ban san abin da zan ce musu ba. Don Allah ka samo mini hotonta."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ai ba wani aiki ba ne. Haka na ɗauka.

Inna ba ta da hoto. Guda ɗaya da aka taɓa ɗaukarta na katin shaida ne, shi ma gara ta cinye shi tare da takardun mahaifinmu. Kuma shekara biyu ke nan ba ta fita daga ɗakinta ba, tun ranar da ta zame a bakin rijiya ƙashin ƙugunta ya karye. An yi ɗori bai kama ba. Takan zauna a kan gado in an jingina ta da matashi, amma sau ɗaya da muka gwada ɗaukarta zuwa bakin ƙofa don ta sha hantsi, sai da ta suma don azaba. Daga ranar ba wanda ya sake kawo maganar.

Ɗakin kuwa tsohon ginin ƙasa ne na kakanninmu fatake masu goro, can ƙuryar gida. Taga ɗaya gare shi, ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma katangar maƙwabta ta tare ta. Hayaƙin kaskon da ake hura mata lokacin sanyi ya mayar da bango da azara baƙi ƙirin. Ko da tsakar rana ka shiga sai ka tsaya ka jira idonka ya saba.

Masu hoto ba su yi kaɗan ba a Djougou. Na faɗa wa Inna zan kawo ɗaya, ta ɗaga mini hannu.

"Babana," haka take kirana don sunan mahaifinta aka sa mini, "tun da mahaifinku ya rasu wane ƙato ka ga ya shigo ɗakin nan? Ko likita sai da kuka yi fama da ni. In hoto auta yake so, kai ka ɗauka. Ba hannu biyu gare ka ba?"

Ni sana'ata raguna. Ina bin kasuwannin ƙauye, su Partago da makamantansu, in saya in kai Parakou. Ban taɓa riƙe kyamara ba, wayata ma a lokacin irin mai tocila ce. Amma akwai wani abokina direban kamyo, wato babbar motar kaya, da ke lodi a Gare, tashar motocin Parakou, yana da kyamara ta hannu da ya samo a Cotonou, irin wadda ake ganin hoton nan take a bayanta. Ya sayar mini, ya nuna mini inda ake dannawa. Ya ce aibinta ɗaya, 'yar fitilar da ke jikinta ta mutu.

Na kai ta Djougou na gwada. Baƙi ya fito, sai ɗan farin kallabi a tsakiya. Yayarmu ta kunna tocila biyu da fitilar kwai, wannan karon aka samu wata inuwa rawaya da ta yi kama da mutum. Na dawo na nuna wa direban. Ya taɓa wani ɗan gurbin ƙarfe a saman kyamarar, ya ce a nan ake zura fitilar hoto, wadda masu sana'ar ke ce wa filash. In na sa ta, ko cikin rijiya na shiga hoto zai fito.

Shagon da ya kwatanta mini yana bayan babbar kasuwa. Mai shagon Bayarabe ne mai fara'a, yana Hausa yana tsoma Faransanci. Ya juya kyamarar a hannu, ya fito da filash biyu ya ajiye a kan teburi. Ɗaya ƙarama ce, sabuwa a kwalinta, ba ta fi sabulun wanka ba. Ɗayar babba ce, ta hannu, baƙa mai dogon wuya, kanta yana lanƙwasawa sama da gefe. Ya ce wani mai hoton biki ne ya kawo ta.

"Alhaji, wannan ƙaramar ita ce taka," in ji shi. "Tana magana da kyamararka. Ita za ta duba duhun wurin ta auna hasken da kanta, kai dai danna kawai. Babbar kuma kurma ce. Ba ta jin kyamara, kai za ka gaya mata komai da hannu."

Na ɗauki ƙaramar. Kamar ba komai a ciki. Na ɗauki babbar, na ji ta cika hannu, na ɗan jijjiga ta, na matsa gefenta da babban yatsa. Shekara ashirin da wani abu ina sayen dabba, kuma ban taɓa yarda da bakin mai sayarwa ba. Rago ana ɗaga shi ne a ji nauyinsa, a taɓa gadon bayansa. Wanda mai shi ya fi yabo, shi nake fara zargi. Ga shi kuma na san duhun ɗakin Inna, mai shago bai sani ba. Na ce a raina wannan 'yar sabulun ina za ta iya da shi.

Ya miƙo mini takardar da ke cikin kwalin ƙaramar, ya ce in duba da kaina, sunan kyamarata yana cikin jerin. A lokacin ban fi wata biyar da shiga ajin koyon karatu na manya ba, layi ɗaya yakan ɗauke ni lokaci, ga mutum biyu a bayana suna jira. Na kalli takardar na mayar masa.

"Babbar nake so."

Ya yi dariya. "Alhaji, ba ragon Layya ba ne fa."

"Ko ba rago ba ne, mai nauyi ya fi mara nauyi."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma in ka fita da ita ba a dawowa."

Ya sa mata pil huɗu, wato batir, ya zura ta a gurbin, ya nuna mini maɓallin kunnawa. Ta yi wani siririn kuka yana hawa sama, wata 'yar fitila ja ta kama. Na biya na fito ina jin na yi ciniki.

Ranar da na koma Djougou Inna tana cikin walwala. Yayarmu ta yi mata wanka, ta sa mata kwalli, ta ɗaura mata kallabi mai ruwan goro. An jingina ta ta zauna sosai. Har yau ina ganin ta a wannan safiyar: kumatunta da sauran tsoka, zanen aska uku-uku a kowane gefe, da ɗan murmushin da take yi da gefen baki in tana shirin tsokanar mutum. Na kunna filash, ta ji kukan.

"Wannan sauro ka zo mini da shi daga Parakou? Namu bai isa ba?"

Muka yi dariya. Na tsaya a gabanta, kamar taku biyu, na saita ta, na danna.

Ɗakin gaba ɗaya ya yi fari fat. Inna ta yi salati da ƙarfi ta rufe fuska da hannu biyu. Idanunta da ma suna da yana, hasken ya shige su kai tsaye. Hawaye suka riƙa zuba, ta ce kore-kore take gani yana yawo, ta ce kanta yana sarawa. Yayarmu ta yi kaina da faɗa.

"Kashe ta za ka yi? Wannan walƙiya ce ko hoto?"

Na duba bayan kyamarar. Kallabin ya fito, bangon baya ya fito har da ƙusar da ake rataya tasbaha. Amma inda fuska take, sai wani farin faranti, ba hanci, ba zane, ba baki, ɗigo biyu kawai a wurin ido. Yayarmu ta leƙa ta kau da kai ta ce in goge shi yanzu-yanzu, kar wani ya gani. Na goge.

Sai bayan la'asar idon ya lafa. Na durƙusa a bakin gado na ba ta haƙuri. Ta lalubo kaina ta dafa.

"Ba komai, Babana. Je ka koyo. Ina nan, ina za ni?"

A Gare akwai wani tsoho mai hoto, Badende a ƙabila, da ke ɗaukar direbobi hoton takardu a wata 'yar rumfa. Na kai masa kayana na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya filash ɗin ya nuna mini wani ɗan maɓalli mai zamewa a bayanta.

"Ka ga wannan? A ƙarshe yake. Ƙarfin da ake haska filin biki da shi ka sakar wa tsohuwa a taku biyu. Wa ya sayar maka da wannan?"

Na ce ni na zaɓa, an ma hana ni.

"Da ƙaramar ka ɗauka da yanzu hotonka yana Gabon," in ji shi. Ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya sassauta. "To, amma tunda ido ne da ita mai ciwo, wannan ɗin tana da abu guda. Wuyanta yana juyawa."

Ya lanƙwasa kan ya kalli rufin rumfar, wanda aka shafa wa farin fenti. Ya ce ba a jefa wa mutum haske a fuska, sama ake jefa shi, ya bugi farin abu ya sauko a hankali kamar hasken safiya. Ya zaunar da ni a kan benci ya ɗauke ni. Na ga fuskata da duk layukanta, kuma idona bai ji komai ba.

Daga ranar kullum in na taso daga kasuwa sai in biya ta rumfarsa. Ya koya mini rage ƙarfi da ƙarawa, ya koya mini jiran jar fitila kafin in danna. A gida na riƙa gwaji a kan matata, tana tsinar shinkafa, tana ninke kaya, har ta gaji ta ce, "Malam, ni dai ko amarya ba a yi mata haka ba. Ka je ka ɗauki Inna mana." Na ce sai hannuna ya zauna. Ba na son in sake sa Inna hawaye, na ce ba zan koma ba sai na tabbata sau ɗaya zan danna ya fito.

Ni mutum ne mai jira. A kasuwa wannan halin ya sha taimakona, nakan bar rago ya kwana uku a hannun mai shi har ya sauko. Sati biyu suka wuce ina gwaji. Sai Layya ta matso, aiki ya taso, ina Partago yau gobe ina wata kasuwa, har motarmu takan ratsa Djougou da lodi in ce sai na dawo. Yayarmu ta kira sau biyu ta ce Inna ba ta cin abinci sosai. Na ce bayan Salla ina nan tafe. Ƙanena ya kira, na ce masa an kusa.

Sati bakwai na yi kafin na sake shiga ɗakin da kyamara.

Da idona ya saba da duhun na ga abin da ke kan gadon, sai na ajiye jakar a ƙasa. Inna ba ta iya zama kuma, a kwance take rigingine. Kumatun sun faɗa, zanen askan ya shige cikin tamoji, hancin ya fito siriri. Mutumin da na bari yana tsokanata da sauro ba shi na tarar ba. Muryar ce kawai ba ta canja ba, sai dai ta yi ƙasa.

"Mai walƙiya ya dawo," in ji ta. "An koyo?"

"An koyo, Inna. Wannan karon ba zai taɓa idonki ba."

Na ɗaga kan filash ɗin sama na danna. Ba ta ko ƙifta ba. Amma hoton ya fito duhu, ja-ja, da ƙyar ake gane akwai mutum. Na ƙara ƙarfi har ƙarshe na sake, haka dai. Na ɗaga kai na kalli rufin, sai na gane. Rufin rumfar tsoho fari ne, na ɗakina a Parakou ma fari ne. Wannan kuwa azara ce da hayaƙin shekaru ya dafe, duk hasken da na jefa mata sai ta shanye. Duk gwajin da na yi, ban taɓa tuna wannan ba.

Na ce wa yayarmu a samo farin ƙyalle babba a ɗaura a sama. Ta fita ta dawo da zanin gado mai furanni, ta kawo atamfa, ta kawo wani mayafi da ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. Rigar da ke jikina shuɗiya ce. Muka gwada mayafin, fuskar ta fito kamar an shafa mata laka. Yayarmu ta ce bari ta leƙa maƙwabta.

"Ku bar wahalar da mutane," in ji Inna. "Buɗe adakar nan. Can ƙasa, cikin leda."

Yayarmu ta tsaya cak. Ni ban gane ba sai da na ga fuskarta. Likkafanin Inna ne. Kamar yawancin tsofaffin unguwarmu, ta tanadi nata tun da ƙarfinta, wata ƙawarta ce ta kawo mata daga Makka, ta naɗe ta ajiye.

"Haba Inna! Wannan ba a buɗe shi sai ranarsa."

"Nawa ne ko naki?"

"Naki ne, amma me mutane za su ce?"

"Su wa za su gaya musu, ke ko shi? Yadi ne fari, ba a yanka ba, ba a ɗinka ba. Yaron nan yana can wata ƙasa yana neman fuskar uwarsa, ke kina nan kina mini wa'azi. Ɗauko, kafin in gaji."

Yayarmu ta ɗauko tana kuka ba sauti. Na je na wanke hannuna. Muka warware shi tsakaninmu, yana ƙanshin turaren da aka ajiye shi da shi. Ta hau turmi, ni na hau kujera, muka soke gefunansa huɗu a tsakanin azara, ya yi ɗan ciki a tsakiya, daidai saman gadon. Tun kafin in kunna komai ɗakin ya ɗan yi haske.

Na rage ƙarfin zuwa rabi, na jira jar fitila. Na dafa gwiwar hannu a kan adakar. Na ce, "Inna, kalle ni." Ta ce to. Na danna.

Hasken ya hau ya sauko a hankali, yadda tsohon ya ce. Na duba. Komai ya fito, zanen askan, kwallin, farin gashin da ya leƙo ta ƙarƙashin kallabi, har ɗan tabon da ke haɓarta. Sai dai ba ni take kallo ba. Idanunta suna sama, a kan ƙyallen, a buɗe sosai, bakinta a ɗan buɗe kamar mai duba ko an share wuri da kyau.

Na ce a sake ɗaya. Ta ce ta gaji, a sauke mata kayanta a ninke yadda yake, gobe ma rana ce. Washegari zazzaɓi ya rufe ta, ba ta sake samun kanta yadda za a ce mata kalli nan ba. Kwana goma sha shida bayan haka ta rasu, da hantsi, ina bakin gadon. Yayarmu da matan da suka yi mata wanka su suka sake buɗe ledar.

Bayan addu'ar bakwai na kai katin kyamarar wurin tsohon nan mai hoto na Gare. Ya wanke mini guda uku, bai tambaye ni abin da na ɗaura a sama ba, ya dai daɗe yana kallo, sannan ya ce hasken ya zauna. Ɗaya na ba yayarmu, ta sa a adaka ba ta rataye ba. Ɗaya yana wurina. Na ukun na sa a ambulan, na rubuta sunan ƙanena a bayansa da hannuna, na ba wani ɗan unguwarmu da zai koma Gabon.

Wata guda bayan haka ya kira. Ina jin hayaniyar yaransa a bayansa suna cewa a ba su su gani.

"Yaya, haka ta rame?"

Na ce haka. Ban gaya masa cewa sati bakwai kafin wannan hoton da sauran kumatunta ba, kuma tana zaune, tana dariya.

"Amma ita ce," in ji shi. "Wallahi ita ce. Na ga zanen. Allah ya saka maka da alheri, Yaya." Ya ja hanci. "Me take kallo a sama haka? Kamar ta ga wani abu."

Na ce masa haske ne, inda hasken ya fito take kallo.

Ya ce Allah sarki, ya ce zai sa a yi masa firam ya rataye a falo. Har yau a can yake rataye, kuma har yau iyakar abin da ya sani ke nan.